Falsafar bayan zamananci da wahayin Allah a fahimtar Kirista: tambayoyi da amsoshi

Wani saurayi ne ya sa na zauna na rubuta wannan. Ya dawo hutu daga jami'a, ya shigo ajin binciken Littafi Mai Tsarki da muke yi ranar Laraba da yamma. Dattijon da ke jagorantar mu ya gama bayani a kan wata aya, sai yaron ya ɗaga hannu, cikin ladabi kuwa, ya ce, "Baba, a gafarce ni, amma ai wannan fahimtarku ce. Wani in ya karanta, wani abu dabam zai gani. To wa zai raba gardama?" Dattijon ya cire tabarau, ya goge shi da bakin rigarsa, ya ce, "Ɗana, abin da ke rubuce na faɗa maka." Aka yi tsit. Aka rufe da addu'a, kowa ya kama gabansa, amma ba wanda ya gamsu. Tambayar yaron tana da tarihi mai tsawo, kuma ta cancanci amsar da ta fi wadda ya samu a ranar.

Mece ce falsafar bayan zamananci?

Turawa suna ce mata fostmodanizim. Ba makaranta ɗaya ba ce mai shugaba da aƙida rubutacciya, har ma yawancin waɗanda ake jingina wa sunan ba su so shi ba. Wani salon tunani ne da ya yi ƙarfi a Faransa daga shekarun 1960 zuwa 1980, daga nan ya tsallaka jami'o'in Amurka. Mutum uku aka fi ambata: Jean-François Lyotard, da Jacques Derrida, da Michel Foucault, wanda ake furta sunansa Fuko. Abin da ya haɗa su shi ne shakka. Suna shakkar duk wanda ya ce ya hau wani tsauni inda yake hango gaskiya tsirara, ba harshensa, ba al'adarsa, ba son ransa a ciki. Kakansu a wannan shi ne Friedrich Nietzsche, ɗan fasto a Jamus, wanda a 1882 ya sa wani mahaukaci a littafinsa ya shiga kasuwa da fitila da hantsi yana shelar cewa Allah ya mutu.

Wane "zamani" ne ake cewa an wuce, kuma me ya haɗa shi da wahayi?

Wannan ita ce tambayar da in aka tsallake ta, sauran duk ba za su zauna ba. Zamanancin da ake nufi ya faro ne tun wajen René Descartes, wanda a 1637 ya yi shawarar ya yi shakkar kome har sai ya sami abin da ba ya shakkuwa, sannan ya gina ilimi a kansa. Daga nan hankalin ɗan Adam ya hau kujerar alƙali, kome kuwa sai ya gurfana a gabansa, har da addini.

Wahayi ya sha wuya a wannan kotun. A 1777 wani Bajamushe, Gotthold Lessing, ya ce akwai mummunan rami mai faɗi tsakanin abin da ya faru a tarihi da abin da hankali ke tabbatarwa, shi kuma ya kasa tsallakewa: ta yaya labarin da wasu masunta suka bayar tun da daɗewa zai zama hujjar gaskiya madawwamiya? Immanuel Kant a 1793 ya rubuta littafi sukutum a kan addinin da ba ya ƙetare iyakar hankali. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, shi bai tsaya dogon bayani ba. Reza ya ɗauka, ya bi Linjila yana yanke ayoyin koyarwar ɗabi'a yana mannawa a wani littafi, ya bar mu'ujizai da tashin Yesu daga matattu a cikin ragowar takardu.

Don haka ba Derrida da abokansa ne suka fara kora wahayi daga majalisa ba. Sun tarar an riga an kore shi. Su alƙalin da ya kore shi suka tuhuma. Shi ya sa wasu malaman tauhidi suka ji labarin bayan zamananci suka yi murna, suna ganin faɗuwa ta zo daidai da zama. Murnar tana da dalili, ko da yake, kamar yadda za mu gani, an yi saurin yin ta.

Me Kirista yake nufi in ya ce wahayi?

Kalmar tana bukatar kulawa a Hausa, domin muna tarayya a kanta da 'yan'uwanmu Musulmi, amma ba abu ɗaya tak take ɗauka ba. A fahimtar Musulunci, wahayi ya sauko a matsayin magana, cikin Larabci, kuma Alƙur'ani shi ne wannan maganar. A fahimtar Kirista, ƙololuwar wahayi mutum ne. Farkon wasiƙar Ibraniyawa yana cewa a da Allah ya yi wa kakanni magana ta bakin annabawa ta hanyoyi iri iri, amma a kwanakin ƙarshe ya yi magana ta wurin Ɗa. Yahaya kuma ya ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Littafi Mai Tsarki hurarre ne, Kirista ba ya wasa da wannan, amma aikinsa shi ne shaidar wannan mutumin.

Akan kuma raba wahayi gida biyu. Akwai na kowa da kowa, wanda halitta da lamiri ke bayarwa, irin wanda Zabura ta 19 da Romawa sura ta 1 ke magana a kai. Akwai na musamman, wato tarihin Isra'ila, da annabawa, da Almasihu. Babban taron Katolika na Batikan na Biyu, a takardarsa mai suna Dei Verbum ta 1965, ya jaddada cewa Allah kansa ya bayyana, ba jerin bayanai kawai ya aiko ba, kuma ya yi haka ta ayyuka da kalmomi waɗanda ke fassara juna.

Lyotard ya ce an daina yarda da "manyan labarai". Ai Littafi Mai Tsarki babban labari ne, daga Farawa har Wahayin Yahaya. Ba shi ke nan ba?

Ya faɗi haka a 1979, a wani rahoto da aka ba shi aikin rubutawa a lardin Kebek na Kanada kan halin da ilimi ke ciki. Labaran da ya fi sa wa ido su ne na zamananci: cewa kimiyya za ta 'yantar da ɗan Adam, cewa tarihi yana tafiya ne zuwa ci gaba ba fashi, cewa juyin juya halin ma'aikata zai kawo aljannar duniya. Bayan yaƙin duniya biyu da sansanonin kisan Yahudawa, mutanen Turai suna da dalilin yin tsaki in an ce musu kullum gaba ake yi.

Wani malamin falsafa Kirista, James K. A. Smith, ya kawo hujja a 2006 cewa ba girman labari ne laifinsa a wurin Lyotard ba. Laifin shi ne labari ya ɓoye cewa shi labari ne, ya ce shi hankali ne zalla wanda dole kowa ya miƙa wuya. Linjila kuwa ba ta taɓa ɓoye cewa shaida ce da ake karɓa da bangaskiya ba. Hujjar tana da kyau, amma ni ban ɗauke ta duka ba. Lyotard da kansa, a rubutunsa na baya, ya lissafa labarin ceto na Kirista cikin manyan labaran. Kuma gaskiya ne bangaskiyar Kirista tana da'awar cewa labarinta na kowa ne, Bayahude da Ba'al'umme. Ba za a iya lallaɓa ta a mai da ita tatsuniyar wata unguwa ba.

Derrida ya ce babu kome a wajen rubutu. Yana nufin babu gaskiya, sai fassara kawai?

A nan tambayar yaron nan take, don haka bari mu ɗan daɗe.

Jimlar ta fito a littafinsa na 1967, kuma da wuya a sami jimlar falsafa da aka yi wa mummunar fahimta kamarta. Ba cewa yake yi babu duwatsu da yunwa da mutuwa ba. Daga baya ya bayyana cewa nufinsa babu abin da ke zuwa mana ba tare da mahalli ba. Duk abin da ka sani, ta wani harshe ka san shi, a wani wuri, da idon da aka rene ka da shi. Ba wanda ke karatu da ido marar tarihi.

To Kirista ya tsorata da wannan? Ni ina ganin shi ne ma ya fi kowa sanin haka, in ya dubi Littafin da ke hannunsa. Yesu da Aramiyanci ya yi wa'azi, amma Linjila da Helenanci aka rubuta ta. Kalmominsa na ainihi da suka rage mana 'yan kaɗan ne, irin su "Talita kumi" da ya ce wa yarinyar da ya tasa, da "Abba" a addu'arsa. Wato tun ranar farko, maganar Ubangiji a fassare ta iso. Sannan ba labari ɗaya aka bar mana ba, huɗu ne: Matiyu, Markus, Luka, Yahaya, kowa da inda ya tsaya ya kalla. A ƙarni na biyu wani mai suna Tatiyan ya narkar da huɗun ya mai da su ɗaya don a huta da bambance-bambance. Ikilisiyoyin Suriya sun yi amfani da aikinsa na tsawon lokaci, amma a ƙarshe aka ajiye shi aka koma wa huɗun. Ikilisiya ta gwammace shaidu huɗu da ba su yi magana da baki ɗaya ba a kan rahoto guda da aka goge wa ƙura.

Marigayi Lamin Sanneh, ɗan Gambiya da ya koyar a jami'ar Yale, ya gina littafinsa na 1989 a kan wannan: fassaruwa tana cikin jinin Kiristanci. Mu ma shaida ne. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kuma masu fassarar ba su ƙirƙiro wa Mahalicci sabon suna ba, "Allah" suka rubuta, sunan da Bahaushe ya riga ya sani. Bahaushen da ke karanta shi bai ɗauka kwafin wahayi na biyu yake riƙe da shi ba.

Saboda haka da dattijonmu ya ce "abin da ke rubuce na faɗa maka", bai faɗi ƙarya ba, amma ya tsallake wani mataki. Ya karanta, ya fahimta, sannan ya faɗa. Baban nan na Habasha da ke cikin karusarsa a Ayyukan Manzanni sura ta 8 ya fi mu sauƙin kai. Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, ya ce ina zai gane in ba wani ya bi da shi ba.

In haka ne, ashe kowace fassara daidai ce?

A'a, kuma Derrida kansa bai yarda da haka ba. Ya sha yin fushi da masu sukarsa yana cewa ba su karanta shi da kyau ba, wanda kuwa ya yi wannan ƙorafin ya riga ya amsa cewa akwai karatu mai kyau da marar kyau.

Ɗauki misalin saƙo. Mahaifi ya aiko wa 'ya'yansa uku saƙon murya a waya game da gona. Babban ya ji umarni, na tsakiya ya ji shawara, ƙaramin ya ji faɗa. Dukansu fassara suka yi. Amma in wani ya zo ya ce Baba cewa ya yi a sayar da gonar a raba kuɗi, sai a sake kunna saƙon. Muryar tana nan, tana iya ƙaryata shi. Kevin Vanhoozer, a wani littafi na 1998, ya bi wannan hanyar: rubutu aiki ne da wani ya yi, alkawari ko gargaɗi ko umarni, kuma mai karatu yana da hakkin marubuci a wuyansa kamar yadda yake da hakkin maƙwabci. Rashin sanin abu gaba ɗaya dabam, rashin saninsa sam dabam. Bulus ya ce yanzu muna gani ne kamar a madubi, dishi-dishi. Bai ce ba ma ganin kome ba.

Foucault ya ce ilimi da iko a haɗe suke. Wato "Allah ya ce" dabara ce ta masu mulki?

Foucault ya binciki gidajen mahaukata, da asibitoci, da kurkuku, ya nuna yadda mai ikon cewa "wannan shi ne daidai" yake samun ikon tsare mutane da horar da su. In aka juyo da wannan fitilar kan ikilisiya, abin da za a gani ba daɗi, kuma ba amfanin musu.

A 1807 aka buga wani Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin da ke tsibiran Karibiyan. An cire mafi yawan Tsohon Alkawari. Labarin yadda Isra'ilawa suka fita daga bautar Masar babu shi. Ayar Galatiyawa da ta ce babu bawa babu ɗa a cikin Almasihu babu ita. Amma ayar Afisawa da ta ce bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu tana nan daram. A Afirka ta Kudu, babbar ikilisiyar fararen fata 'yan asalin Holan ta yi shekaru tana kare wariyar launin fata da ayoyi. A 1914, wani matashin fasto a ƙauyen Safenwil na Suwizalan, Karl Barth, ya ga sunayen malamansa na tauhidi, har da Adolf von Harnack, cikin masana 93 da suka sa hannu suna goyon bayan yaƙin Sarkin Jamus. Abin ya girgiza shi har ya sake tauhidinsa daga tushe, ya dawo yana cewa wahayi hukunci ne a kan addinin ɗan Adam, har da na Kirista. Ba sai an je nesa ba ma. Duk wanda ya taɓa zama a taron da wani ya miƙe ya ce "Ubangiji ya nuna mini" daidai lokacin da ake gardamar kuɗi ko kujera, ya san abin da Foucault ke faɗa ko bai taɓa jin sunansa ba.

Amma a lura da abu ɗaya a labarin Littafin bayin nan. Me ya sa sai da suka yanke? Domin sun san in aka bar Littafin yadda yake, zai juya ya ci su. Da wahayi kayan aikin mai iko ne kawai, da ba a bukaci almakashi ba. Natan ya tsaya gaban Sarki Dawuda ya ce masa kai ne mutumin. Amos ya yi wa masu sayar da matalauci a kan takalmi kaca-kaca. Ikilisiyar ruwa-biyu a Afirka ta Kudu da wannan Littafin dai ta rubuta Shaidar Belhar a shekarun 1980 ta ce wariya zunubi ce. Kuma tsakiyar labarin gaba ɗaya mutum ne da hukumar addini da ta siyasa suka haɗa kai suka gicciye. Akwai kuma tambayar da aka daɗe ana yi wa Foucault: in duk da'awar gaskiya neman iko ce, taka fa?

Waɗannan mutanen duk marasa addini ne?

Ba a yi musu kuɗin goro. Derrida Bayahude ne haifaffen Aljeriya a 1930, wanda aka kora daga makaranta a 1942 saboda dokokin ƙin Yahudawa. Ya ce daidai ne a ɗauke shi marar bin Allah, amma ya yi shekarunsa na ƙarshe yana rubutu a kan addu'a, da gafara, da kyauta, da baƙunci, har ya rubuta wani littafi yana zance da Agustin, babban malamin ikilisiya ɗan ƙasarsu na ƙarni na huɗu. Paul Ricoeur Furotesta ne. Jean-Luc Marion, wanda ya yi karatu a hannun Derrida, cikakken ɗan Katolika ne.

In Allah ya fi ƙarfin harshe, ta yaya kalmomi za su bayyana shi?

Wannan ba sabuwar damuwa ba ce. Agustin ya ce in ka gane shi sarai, to ba Allah ba ne. Babban taron Lateran na huɗu a 1215 ya ce duk kamannin da za a samu tsakanin Mahalicci da halitta, rashin kamannin ya fi shi girma. Musa ya roƙi ganin ɗaukakar Allah, aka sa shi a tsaguwar dutse, bayansa kawai ya gani.

Marion, a littafinsa na 1982, ya bambanta gunki da hoto mai tsarki. Gunki shi ne abin da idonka ya iya ɗauka, ka kalle shi ka ga kanka. Ra'ayi ma yana iya zama gunki, har da ra'ayin tauhidi mai kyau. Wahayi kuwa ba kai ke kallonsa ka auna ba, shi ke kallonka, ya cika ma'auninka ya zube. John Caputo a Amurka ya bi ta wata hanyar: a wurinsa "Allah" suna ne na wani kira marar ƙarfi da ke damun mu, ba lallai wani mai wanzuwa da ke aikata abu ba. Rubutunsa yana da daɗi, amma ni a ganina an gudu daga gara an faɗa zago. Tsoron kada a yi wa Allah iyaka ya kai ga an hana shi buɗe baki, wannan ma ai iyaka ce. Kirista ba cewa yake yi harshenmu ya isa ya kamo Allah ba. Cewa yake yi Allah ya sunkuyo ya yi magana da harshenmu, yadda uwa ke yi wa ɗan da ke koyon magana.

Labarin makafi da giwa fa? Ba kowane addini gefe ɗaya ya taɓa ba?

Lesslie Newbigin, wanda ya yi kusan shekara 40 yana aikin bishara a Indiya, inda labarin ya fito, ya ba da amsa a 1989. A labarin, makafi ne suka lalubi giwa, kowa ya taɓa gefe ɗaya ya ce haka giwa take. Wa ke ba da labarin? Mai ido, wanda ya ga giwar dukanta. Duk mai cewa addinai makafi ne ya ɗora kansa a kujerar mai gani, wato ainihin tsaunin da bayan zamananci ya ce babu shi. Sannan labarin ya ɗauka giwar ba ta magana.

Ikilisiyoyi sun ɗauki matsaya?

Fafaroma John Paul na Biyu, a wasiƙarsa ta 1998 kan bangaskiya da hankali, ya yi abin da ba a zata ba: ya kare hankali, ya ce kada falsafa ta fid da rai ga neman gaskiya. A Afrilun 2005, ana gab da zaɓensa Fafaroma, Joseph Ratzinger ya yi gargaɗi kan mulkin kama-karya na "kowa da gaskiyarsa". Furotesta kuwa sun rabu. Wasu, irin su D. A. Carson, sun fi ganin haɗarin. Wasu a Yale, irin su Hans Frei da George Lindbeck, sun ce a daina ƙoƙarin kare Littafi a kotun zamananci, a koma a zauna cikin labarinsa. John Milbank a Ingila ya ce ilimin zaman jama'a da ke kiran kansa marar addini shi ma tauhidi ne da ya ɓad da kama.

To a ina ne sulhu ba zai yiwu ba?

A bakin kabari. Duk abin da waɗannan masana suka faɗa game da mai karɓar saƙo, cewa yana da harshe da tarihi da son zuciya, Kirista zai iya amsawa, har ya ƙara musu da cewa sunan abin zunubi. Amma binciken kunnen mai ji ba ya gaya maka ko an yi magana ko ba a yi ba. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa in ba a ta da Almasihu ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyarsu ma banza ce. Bai ce labarin yana da amfani ga al'ummarmu ko da bai faru ba. Ya lissafa waɗanda suka gani, Kefas, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500, ya ce yawancinsu suna da rai. Mutum yana iya ƙin yarda da shaidun, amma ba zai ce abin ya faru a wurina, bai faru a wurinka ba.

Yaron nan ya sake zuwa Larabar da ta biyo baya. Dattijon ya riga kowa isowa, da juyi biyu na Hausa, tsoho da sabo, da wani na Turanci, duk a buɗe a kan benci. Ya ce, "Ɗana, zo ka zauna nan. Karanta mana ayar a dukansu, ka gaya mana abin da ka gani, ni ma in faɗi nawa, sai mu duba wanda rubutun zai ƙaryata." Har aka ɗauke wuta ba su gama aya uku ba, suka ci gaba da fitilar waya.